Ranar da Na Yi wa Doka Tafinta

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da zan manta sunana, da ranar da na miƙe a harabar meri, wato ofishin magajin garin Matameye, na ce zan yi tafinta.

An tara mata za a bayyana musu dokar tallafi ga waɗanda mazansu suka rasu. Na raka Gwaggo Hassu, wadda ba ta daɗe da fita takaba ba, ga marayu cike da ɗaki. Abu ɗaya ya kawo ta: tana cikin masu samu ko ba ta ciki?

Jami'in da ya zo daga Damagaram, wanda muke ce wa Mushe, dogo ne mai saje, irin wanda a littattafan da nake saye ranar kasuwa yake kiciɓis da yarinya ya aure ta. (Kafin ya zauna har na raɗa wa ɗanmu suna.) Da ya ce Hausarsa ba ta nuna ba, wa ke jin Faransanci, hannuna ya riga hankalina tashi.

Ya fara karatu. Jama'a, ina da birbe, takardar gama kwaleji, amma wallahi wannan ba Faransancin da aka koya mana a lakwal ba ne. Jimla guda ta fi igiyar guga tsawo, kowane sashe yana tura ki wani sashe. Ya dakata yana dubana. Sai na zubo abin da na iya:

"Ya ku waɗanda ƙaddara ta raba da hasken idanunsu, ku share hawaye, alfijir ya keto..."

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Gwaggo ta tsuke fuska.

"Ke, uwar iyayi! Ba waƙa na zo ji ba. Zan samu ko ba zan samu ba?"

Aka kece da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tambayi Mushe da 'yar muryar da na tanada don wani zancen daban. Ya juya shafi gaba, ya juya baya, ya share gumi.

"Sai na tambayo a Damagaram."

Nan kunyata ta koma haushi, har yau bai sauka ba. Wa aka rubuta wa dokar nan? Wadda aka yi dominta ba ta ji, wanda ya kawo ta ma sai ya tambayo! Me ya hana a faɗa da Hausa, gajere, ko a rediyo: wance tana da haƙƙi, ga ƙofar da za ta buga?

Gwaggo ta koma tuyar ƙosai tana jiran amsa. Ni kuwa sunana a unguwa ya zama "Alfijir". Na dai ɗauki darasi: in za ki yi tafinta, dubi takardar kafin ki dubi sajen.