Rasuwar Fitilu Tara a Tukunyar Shinkafa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, ko kuwa a ce aka tilasta mata cika, gidan dattijo Anacleto Magbanua da ke garin West Covina na sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk marasa aikin yin unguwa rasuwar ƙananan fitilu tara, daga cikin goman da ke zaune a bakin yatsun safar hannun jikansa Renato. Sun rasu ranar Alhamis ta makon jiya da hantsi, a cikin tukunyar shinkafa, bayan gajeriyar jinya. Allah ya ji ƙansu, in ana jin ƙan roba.

Dattijon ne da kansa ya sa aka rubuta wannan sanarwa, domin mai mamatan ba ya nan. Tun ranar da abin ya faru Renato ya kwashi jakarsa ya koma gidan abokai, yau kwana takwas, ko waya ba ya ɗauka. Shi kaɗai ke zaune da kakansa tun rasuwar mahaifinsa. Ganin haka Minda, 'yar dattijon, ta yanke hukunci cewa tsoho mai shekara tamanin da ɗaya, mai yana a idanu, ba zai zauna shi kaɗai ba. Ranar Lahadi za ta zo da mota ta kai shi gidan tsofaffi. An faɗi wannan ne don masu zuwa ta'aziyya su san irin gidan da za su shiga.

Mamatan sun shigo gidan nan shekara shida da suka wuce, a cikin ɗan kwali, ba da sallama ba. Kowacce ba ta fi ƙwayar wake girma ba. Ba su taɓa haska wa kowa hanya ba. Ranar da wuta ta ɗauke a unguwa, da kyandir aka nemo maganin hawan jinin dattijon, suna kwance a aljihun tebur, wai kada batirinsu ya ƙare. Aikinsu guda ne. A cusa su a yatsun farar safa, a tafi da su filin casu inda ake kiɗan da ba makaɗi, dum dum dum kamar ana daka a turmi ba hatsi. Can sai wani ƙato ya zauna a ƙasa ya buɗe baki, Renato ya durƙusa a gabansa ya yi ta murza yatsu a fuskarsa, ja ya bi kore, kore ya bi shuɗi, har waƙa ta ƙare. Sai na zaunen ya tashi ya rungume shi, wani har da hawaye, ya cire awarwaron duwatsun roba ya zura masa a hannu. Ladan ke nan. Irin awarwaron nan sun cika kwali biyu a gareji. Banza ta kori wofi.

A yi wa mamatan adalci, suna da halaye na gari. Ba su da surutu. In an latsa su sai su ce "ƙis", a sake latsawa su ce "ƙis", su sauya launi ba gardama, abin da ba za a faɗa a kan mai su ba. Ba su ci ba, ba su sha ba, in ban da batiri. Sun yi haƙuri da saurayi ɗan shekara ashirin da bakwai da ke tsayawa gaban madubi awa uku yana lanƙwasa yatsu, yana raɗa wa kowace lanƙwasa suna: wannan wai ruwa ce, wannan wai bulala. Dattijon ya yi shekara talatin da ɗaya yana kuku a jirgin ruwa, yatsunsa sun ciyar da mutum arba'in sau uku a rana, bai taɓa jin an ba feraye dankali suna ba.

Ya taɓa faɗa wa Renato haka, yana kiransa da sunansa na gida. Ya ce, "Kai Natoy, hannun da Allah ya ba ka don ka ci abinci, ka mayar da shi ƙwaron dare?"

Renato, da ke kiran kakan nasa Lolo, ya yi dariya ya ce, "Lolo, gasa ake yi fa. A jihar nan kaf ni ne na huɗu."

"Na huɗu a cikin mahaukata nawa?"

"Ɗaga kai dai in ɗiga maka maganin idon, tsoho mai baki."

Ya ɗiga masa kuwa, ɗigo biyu a kowane ido, ko ɗaya bai zuba a kunci ba. A nan kam ba a ƙi gaskiya ba, yatsun ba sa rawa in ba a ce su yi ba.

Ga yadda ciwon ajali ya faro. A wani casu da aka yi a bayan gari, wata baiwar Allah da aka yi wa wasan ta tashi rungumar godiya da gorar ruwa a buɗe a hannunta, ta tuttule ta kaf a kan safar. Fitilu suka fara kyafta ido, suka yi shiru. Gasar da Renato ya shekara yana wa shiri saura kwana biyar. Likitocinsu, wato abokansa, suka rubuta magani: a ciro fitilun daga safa, a binne su cikin ɗanyar shinkafa kwana biyu, ita za ta tsotse ruwan. Duk mai hankali kwano zai samu ya ɗiba daban. Renato sai ya buɗe buhun gidan, buhun da ake ci daga cikinsa safe da rana da dare, ya tura su ciki, ya rufe, bai gaya wa kowa ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Da safe dattijon ya ɗebi kofi uku kamar kullum. Ya wanke sau biyu. Ya tsoma yatsa ya auna ruwa daidai gaɓar farko, yadda uwarsa ta koya masa, yadda kowane ɗan halak ke yi. Gaskiya ne yatsan ya taɓa wani abu mai tauri. Ya ɗauka tafarnuwa ce Renato ya jefa don kore ƙwari. Ya rufe tukunyar lantarkin ya latsa maɓalli.

Mamatan sun yi maganarsu ta ƙarshe bayan minti goma sha biyu. Ta farko ta ce "fas". Sauran suka amsa ɗaya bayan ɗaya, "fas, fas, tsss". An ce mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa. Dattijon ya dafa, har ya zuba a faranti ya kai cokali baki, sai ga Renato ya fito daga wanka ya fizge farantin.

"Lolo, tofar! Tofar na ce! Guba ce!"

Sai da ya tabbata tsohon bai haɗiye ba, sannan ya leƙa tukunyar. Ya daɗe yana kallo. Dattijon kuwa, da yake kofi uku na shinkafa sun tafi a banza, ya ce abin da ke bakinsa: "To, yau dai sun yi amfani, sun shiga tukunya. Saura mai su ya nemi aikin maza."

Renato bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Shekara shida, Lolo. Ko sau ɗaya ba ka ce in nuna maka ba." Ya shiga ɗaki ya haɗa kaya.

Masu cewa wannan magana ta dattijon ta yi tsauri suna da bakinsu. Shi dai bai janye ta ba. Yana cewa kawai da an ba shi ita yau, da ya jira shinkafar ta huce.

Mamatan sun bar zawarawa biyu, safar dama da ta hagu, suna rataye a igiyar shanya, an wanke su fes da hannu. Sun bar ƙanwa ɗaya, ta ƙaramin yatsa, wadda aka tsinta a gindin buhu da ranta, tana kyafta ja. Dattijon bai san yadda ake kashe ta ba, ya latsa sau bakwai, launi kawai take sauyawa, sai ya ƙyale ta. Sun bar abokan casu da yawa, waɗanda ake roƙo in za su zo su sa riga mai hannu, nan gidan mutane ne. Sun kuma bar Minda, wadda ta ce wa uban nata a waya, "Tay, batiri fa ka dafa. Gobe kuma me za ka dafa, wayarka?" An ji, an gode.

Tsarin jana'iza. An tsince gawarwakin tara daga shinkafar, an goge su, an shimfiɗe su a gwangwanin biskit a tsakiyar falo, da kyandir biyu. Gobe Asabar, ranar addu'ar kwana tara, da ƙarfe huɗu na yamma, za a binne su a gindin bishiyar lemun tsami da ke bayan gida. Akwai kaza da taliya, da shinkafa daga sabon buhu. Ba a shara sai an fita da gawa, kowa ya sani, don haka kada wata ta zo ta ce gidan ya yi datti.

Sharaɗi biyu ne, dukansu na kakanni, ba dattijon ya ƙirƙiro su ba. Na farko, ba a rufe akwati sai mai mamaci ya zo ya yi ban kwana da hannunsa. Na biyu, ba a barin gawa ita kaɗai a gida, dole wani ya zauna gadinta dare da rana har a binne. Mai gadin nan shi ne Anacleto Magbanua, ba shi da mataimaki, ba ya kuma neman wani.

Saboda haka ana sanar da Minda cewa in mai mamatan bai zo ranar Asabar ba, zaman makoki zai ci gaba, ta zo da motarta ranar Lahadi ta yi gaisuwa ta ci kaza ta koma. An tambayi wani malamin makaranta, ya ce irin wannan robar takan yi shekara ɗari huɗu ba ta ruɓe ba.

Dattijon ya jawo kujerarsa. Ya ce bai da gaggawa.