Yaƙin Mudassiru da Rundunar Fara

Da sunan Mai kowa Mai komai. Wannan tarihin sadauki Mudassiru ne, ɗan Ilu mai facin taya, jikan Barau da ya taɓa korar bunsuru daga masallaci shi kaɗai, tattaɓa-kunnen mutanen da ba su taɓa jin sunan bayoloji ba har suka koma ga Mahaliccinsu lafiya lau. Gwarzon aji shida na sakandare, mai littafin da ya fi tubali nauyi, mai kiran ƙashin gwiwa da sunan da ubansa ba ya iya maimaitawa! Likitan gobe, in ji Ilu, wanda ya riga ya shelanta haka a bakin tashar Gumel, har ba shi da hanyar janyewa.

Ana gab da jarrabawar fita sai Malam Badamasi, sarkin ɗakin gwaje-gwaje, ɗakin da babu komai a cikinsa sai kujeru da hoton ƙwarangwal, ya zartar da hukunci: ranar gwaji kowane ɗalibi ya zo da fara mai rai, da fukafukanta da ƙafafunta. Wanda ya zo hannu rabbana, sifili ne rabonsa.

Da ranar ta zo, tun raɓa ba ta bushe ba, sadauki ya yi ɗamara. Rariyar uwarsa ce takobi, faifai garkuwa. Ya kutsa gonar gero kamar ambaliya yana kururuwa: "Ina kuke, ma'abota tsalle? Ga jikan Tabawa!" Rundunar fara ta watse gabas da yamma, shi kuwa ya kai sara ya sami iska, ya sake kaiwa ya sami ƙasa da haɓarsa, ƙarangiya ta yi masa mubaya'a tun daga wando har ƙeya, amma bai ja da baya ba sai da ya cika gwangwanin madara da fursunoni. Ya shigo gida da ganima, ya ajiye ta a gindin murhu, ya shiga wanka irin na masu nasara.

A nan tarihi ya juya. Tabawa, kakar sadauki, ta shekara saba'in ba ta san wani dalilin ajiye fara kusa da murhu ba sai guda ɗaya. Ta fige fukafukai, ta karya ƙafafu, ta soya da mai, ta barbaɗa yaji.

Gwarzo ya fito sanye da farar riga, yana saurin makaranta, ya tarar da kwanon soyayyiyar fara. Ya ɗauka ta 'yan talla ce. Ya cinye tas, ya siɗe yatsu.

"Allah ya yi albarka, Maigidana," in ji tsohuwa. "Yau dai ka yi mini cefane. Gobe ka samo masu ƙwai, waɗannan ramammu ne."

Masana tarihi sun ce an ji salatinsa har tasha.

Ya isa gaban Malam Badamasi da fiffike ɗaya da ya tsinto a toka. Malam ya ce, "Ina sauran?" Sadauki ya dafa cikinsa. Aka zana masa sifili mai faɗin bakin gwangwani.

Yanzu idan direbobi suka ce, "Baban likita, yaya karatun yaro?" Ilu ba ya ɗaga kai daga tayar da yake bugawa. Sai ya ce, "Alhamdu lillahi. Ba ya dai wasa da cikinsa."