Yadda Ake Rufe Ɓarakar Wasan Kwamfuta da Butar Gahawa

Kai mai ƙirƙirar wasan kwamfuta, wanda ranar baje koli ta riska wasansa ko tatata bai fara ba, matso kusa. Bi matakan nan, na lamunce maka za ka fita kunya. A kan ɗan kawuna Yazan na gwada su a Amman, kuma ga shi nan da ransa.

1. Ka tabbata ka gaji tiɓis

Ba 'yar gajiyar nan ta ma'aikatan ofis ba. Yazan shi kaɗai ya gina wasansa, har ta kai in ya ji kiɗan farkon wasan toshe kunne yake. Ran nan a firij muka tsinci wayarsa. Ga babansa ya gindaya sharaɗi: in babu kamfanin da ya ɗauki wasan a wannan baje koli, to ya dawo shagonsu na tayil. Kada ka huta. Barci ai na masu albashi ne.

2. Ka san inda ɓarakar take

Jarumin wasan, Abu Jamil, mai tallan gas ne, saɓe da tukunya yake hawan matakalun unguwanninmu. Komai lafiya lau sai a hawa na ƙarshe. Nan yake dire kaya ya miƙe a ƙasa, ko za ka danna har yatsa ya kumbura ba ya tashi. Yazan ya nemi dalili har da hawaye, bai gano ba. Gyara ya wuce, ka dai hana kowa isa wurin.

3. Ka zo da butar gahawa

Ba a ƙin gahawar mai masauki, ba a kuma karɓarta da hagu. To da wane hannu ake tsalle a wasan? Yauwa! Da baƙo ya doshi saman matakala, miƙa masa finjali. Zai saki abin dannawa, Abu Jamil ya gangaro, a koma farko. Wani ɗalibi sai da ya sha har ya kusa ƙarar da butar, ya tafi yana yabon wuyar wasan.

4. Ka yi addu'a kada a aiko 'yar gida

Yaran zamani ba su san girgiza finjali ke tsayar da mai zubawa ba. Amma Madam Maisun, wakiliyar kamfanin da Yazan ke hari, a garin Karak ta tashi, a gidan da buta ba ta sauka daga wuta. Ta kurɓa, ta girgiza finjali, ta miƙo masa. Shi ke nan, ko kakansa ba zai ƙara mata ba. Ta haye matakala. Abu Jamil ya dire tukunya ya kwanta abinsa.

Ta dubi allo, ta dubi Yazan da idanunsa jajir kamar gauta. Ya buɗe baki zai ce da gangan aka tsara haka, yadda na koya masa, sai gaskiya ta suɓuce. Ya ce bai san abin da ke damun mutumin ba, shi ma kuma ya gaji, wallahi ya gaji.

"Ɗan nan, yaushe rabonka da barci?"

Ya ce ba zai iya tunawa ba.

"Ni ba na ciniki da gawa. Je ka kwanta. In wata ya kama ku zo ofishina, kai da Abu Jamil, kowa a tsaye."

5. Ka kwanta

Wannan ya fi duk sauran wuya, amma Yazan nan take ya yi shi, a ƙarƙashin teburin rumfarsa ta baje koli, ya bar ni riƙe da buta. Da la'asar kawu ya iso, makullin shago na ƙara a aljihunsa. Na ba shi labari ina jiran tsawa. Ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya daɗe yana kallon ɗansa. Sai ya tuɓe kwat ɗinsa ya lulluɓe shi, ya ce a bar shi, tayil ai ba ya ruɓewa.

Gargaɗi: babu ruwan marubucin nan da bugun zuciyar baƙinka, ko kuɗin gahawa, ko wakilin da ya zo maka ba shi da imani. In kwaɓa ta yi ruwa, ban san ka ba. In kuwa an ɗauki wasan, ni na koya maka.