Jirgi Ai Jirgi Ne

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka surukina filin jirgin sama na Sakkwato ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Har yau in ƙamshin kanumfari ya buge ni, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bari in fara gaya muku ni ɗan Ƙaura Namoda ne, kuma mu mutanen Ƙaura muna da wata cuta: gani muke duk abin da ake kira jirgi namu ne. A garinmu layin dogo ya ƙare. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, a reluwe ya yi aiki har ya tsufa, cikin kukan jirgi muka tashi. Ranar da zai iso tasha cike take maƙil, masu rake, masu dafaffen ƙwai, 'yan dako da buhunan gyaɗa, kowa na ɗaga murya. Mukan tsokani 'yan Zurmi da Shinkafi cewa su sai sun biya kuɗin mota kafin su ga jirgi da idonsu. Yanzu ciyawa ta cinye layin, awaki ke kiwo a kai, amma girman kan nan bai sake mu ba.

To, Allah Ya yi matata 'yar Shinkafi ce. Mahaifinta, Alhaji Mamman, ɗan kasuwar hatsi da albasa ne, mutum marar yawan magana, irin wanda in ka gaishe shi ya amsa sai ka koma gefe kana tunanin ko ka yi wani laifi. Ni kuwa malamin makaranta ne, bakina ba ya hutu. Ba mu daɗe da aure ba matata ta tsegunta mini abin da ya faɗa a kaina: "Malam na da kirki, sai dai cikinai bai aje magana." Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai. Duk wata shawara ta gida sai a kira 'ya'yansa maza da sauran surukai, ni a bar ni a zaure ina shan fura. Babu abin da nake so a lokacin kamar tsohon nan ya ɗauke ni mutum.

Ana nan sai yanar ido ta rufe wa Alhaji gani. Yayar matata, Rabi, tana aure a Agege, can Kudu, mijinta ya samo likitan da zai yi aikin, aka sa rana kusa. Tafiyar mota ta yi wa tsoho nisa, aka ce sai jirgin sama. 'Ya'yansa duk kakar albasa ta riƙe su, ana ta kallon-kallo wa zai raka shi. Kafin kowa ya buɗe baki na yi caraf na ce, "Ni ka raka Baba. Jirgi ai jirgi na!"

(Ban taɓa shiga jirgin sama ba. Ban ce na taɓa ba, ban kuma ce ban taɓa ba. Na dai bar su da zatonsu.)

Na duƙufa a waya ina karanta dokokin shiga jirgi kamar mai shirin jarrabawa. Ana gobe tafiya na tara mutanen gidan a zaure na yi musu darasi. Dokar ƙasa ce, na ce, ba son rai ba: ba a shiga da wuƙa, ba a shiga da reza ko ashana, ba a riƙe ruwa ko wani abin sha da ya wuce 'yar ƙaramar kwalba, in an zauna a ɗaura bel a kashe waya. Alhaji yana da wata 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho da yake yanka goro da ita tun da haƙoransa suka fara ba shi kunya. Ya ciro ta daga aljihu ya ce, "Har wagga?"

"Har ita, Baba. Doka ta."

Ya juya ta a hannu, ya miƙa wa babban ɗansa. Ni kuwa sai wani hura hanci nake.

Akwai doka ɗaya da na karanta na tsallake, har da 'yar dariyata: wai kada ka karɓi kayan kowa in ba ka san abin da ke ciki ba. Na ce a raina wannan ta Turawa ce. A ƙasarmu wa ke tafiya ba saƙo? Mahaifina ya kai saƙon mutane Zariya da Kaduna har ba iyaka, ƙunshin daddawa, kuɗin makaranta, kayan jarirai, bai taɓa kwance ƙulli ɗaya ba. A wurinmu tambayar abin da ke cikin saƙo rashin tarbiyya ne.

Da safe muna shirin fita surukata, Hajiya Inno, ta aiko a kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa, ita tana bayan labule, kamar yadda muka saba. Ta turo wata 'yar jaka mai nauyi. Rabi ta haihu a can, ta yi arba'in, ba ta samu zuwa gida wankan jego ba.

"Ga ɗan saƙo ka kai ma Rabi," in ji ta. "Hannu da hannu. Kak ka bari shi kihe. Kuma kak ka bari Alhaji shi gani."

"In sha Allahu, Inna."

Na ji daɗi har cikin raina, ga uba ya ba ni amanar kansa, ga uwa ta ba ni amanar jaka.

A wancan lokacin hanyar Shinkafi zuwa Sakkwato ta garin Isa lafiya lau take. Gilashi a sauke, direba na sauraren waƙa, har muka tsaya a gindin wata tsamiya muka sayi nono a wurin matan Fulani. Alhaji ya sha, ya yi hamdala. Yau da 'yan bindiga suka cika dajin, wa zai tsaya a wurin nan? Ko taya ce ta fashe sai dai a ja a hakan. Nakan tuna tafiyar nan in ji ƙwalla ta taru mini.

Muka isa filin jirgi. A wurin awon kaya aka karɓi akwatin Alhaji da nawa, mai awon ya nuna 'yar jakar ya ce in kawo a haɗa. Na rungume ta na ce a'a. Mahaifina ya sha gaya mana cewa a jirgi kayan da ka rabu da su ka rabu da su ke nan, naka shi ne wanda ke ƙarƙashin ƙafarka. (Da na miƙa ta, da ta bi sauran kaya ta shige cikin jirgi salin-alin, da yau ba ni da labarin ba ku.)

Sai wurin bincike. Layi ne mai tsawo, alhazai da manyan riguna, mata da yawa, Alhaji na bayana riƙe da gefen rigata. Jakar ta shiga na'urar duba kaya ta fito, wata ma'aikaciya, babbar mace Basakkwata, ta ɗora hannu a kai.

"Malam, jikkar ga taka ta?"

"Tau ta."

"Kai kaɗ ɗaure ta? Ka san abin da ac ciki?"

Nan ne ya kamata in yi shiru in yi tunani. Amma Alhaji na ji, kuma an ce kada ya sani. Ga kuma bakin nan nawa. "Hajiya, ni malamin makaranta na. Dokokin ga ko jiya ni nik karanta ma mutane su. Da hannuna niɗ ɗaure ta."

Ta zuge jakar. Ƙulle-ƙullen leda ne a sama, a ƙasa kuma wani abu naɗe cikin tsohon zanen atamfa kore. Ta warware zanen, sai ga jarka cike da wani ruwa mai duhu.

"Wanga hwa?"

"Abin sha na. Zoɓo."

"Doka ta hana ruwa mai yawa haka shiga jirgi ga hannu."

Ita ce dokar da na karanta wa mutane jiya da bakina. Amma "hannu da hannu" ke ta yi mini amo a kunne. Sai dabarar tasha ta faɗo mini: a jirgin ƙasa in ma'aikaci ya yi shakkar kayanka, nuna masa kake yi ya gani, magana ta ƙare. Na ce, "In tsoro kuka ji ko wani mugun abu na, bari ku gani." Na buɗe murfin, na ɗaga jarka, na kwankwaɗa.

Tsakani da Allah akwai daɗi. Rake ne da zuma, ga kanumfari, ga citta, ga wani ɗan ɗaci-ɗaci na sassaƙe a ƙarshe. Na ƙara kurɓa, na goge baki da bayan hannu, na ce, "Kun gani?"

Ƙamshin ya riga ya gauraye wurin. Wata mata a layi ta fashe da dariya, ta kusa da ita ta toshe baki da mayafi. Ma'aikaciyar ta ciji leɓe, ta sunkuyo, ta rage murya, sai dai ba ta rage ta yadda ya kamata ba.

"Malam, tsimi na hwa. Na mata."

(Ga wanda bai sani ba, haɗi ne da iyaye mata ke dafa wa 'ya'yansu in za su koma ɗakin miji. Namiji mai kunya ko sunansa ba ya kamawa a gaban manya, balle ya ɗaga jarka.)

Na so ƙasa ta tsage in shige. Kafin in farfaɗo wani babban ma'aikaci ya matso, fuska ba wasa. "Malam, mu yi gaskiya. Ka ce kai kaɗ ɗaure jikka. In wani yab ba ka kayan ga, doka ta ce ka hwaɗi ko wa na. Wa ad da su?"

Amsar na kan harshena. In na ce na surukata ne, na fita, kowa zai gane an ba ni saƙo ne. Amma ga Alhaji a bayana, ga alhazan Sakkwato sun zuba kunne. In kama sunan Hajiya Inno a nan, a kan wannan jarkar, a gaban mijinta? Ni da aka ce cikina bai ajiye magana? Na haɗiye miyau, har da sauran zaƙin.

"Nau na."

"Naka na? Kai ka shan shi?"

"Ni ka sha."

"Kullum?"

"In ta kama."

Ai sai wurin ya kece. Har mai fuskar shanun nan sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Wani dattijo daga can baya ya ɗaga murya ya ce, "Allah Shi ƙara lahiya, Malam!" Aka riƙe jarkar, aka dudduba ƙulle-ƙullen gumba da garin magani aka ce su busassu ne, su wuce. Na tattara su ina ta addu'a ɗaya: Allah Ya sa yanar nan ta hana Baba ganin komai.

Zanen ne ya rage a kan tebur. Sai na ga hannun Alhaji ya lallaɓo ya same shi. Ya murza bakinsa tsakanin yatsu, yadda 'yan kasuwa ke yi. Sannan ya ninke shi tsaf ya zura a aljihun babbar rigarsa. A nan na san ya gane zanen matarsa, kuma ya gane komai.

A cikin jirgi ban iya ɗaga kai ba. Tashin da na ci burin gani ta taga, ban gan shi ba. Can ma'aikaciyar jirgi ta turo kekenta na abin sha, ta ba Alhaji ruwa, ta juyo wurina. Kafin in yi magana ya ce, "Bar shi, ɗiyata. Malam ya sha nashi tun ƙasa." Bai yi dariya ba, amma na ga gemunsa na motsi. Iyakar abin da ya taɓa faɗa mini a kan zancen ke nan har ya bar duniya.

Aikin ido ya yi kyau. Rabi ta karɓi gumbarta, na ce mata doka ta riƙe jarka, ta kawar da kai. Da muka dawo Shinkafi, bayan kwana biyu na hango koren zanen nan a kan igiyar shanya. Tun daga ranar naman da Hajiya Inno ke sa mini a kwano ya ƙaru.

Bayan 'yan watanni wata rigimar gona ta taso tsakanin 'ya'yan Alhaji, irin wadda ba a so ta fita waje. Ina zaure da furata kamar kullum, sai aka leƙo aka ce in shigo. Daga baya matata ta gaya mini abin da ya ce: "Ku kira Malam. Cikinai na aje magana. Na ga ya aje abin da yaf fi magana."

Alhaji ya rasu shekarun baya, Allah Ya kai haske kabarinsa. Da aka zo rabon 'yan kayansa, babban ɗansa ya miƙo mini wuƙar goron nan ya ce Baba ya ce tawa ce, tunda ni na san dokarta. Tana nan a ɗakina. Jirgin Ƙaura ya daina zuwa, hanyar Shinkafi sai da addu'a, kuma ni na daina cewa jirgi ai jirgi ne.

Na sha hawa jirgin sama bayan nan, ina bin doka sau da ƙafa, ba na karɓar ƙullin kowa sai na san abin da ke ciki. Hajiya Inno ce kaɗai har gobe ba na iya tambaya. In ta turo jaka ta ƙarƙashin labule nakan ce "In sha Allahu, Inna," in kai ta wurin awo, in gaya musu gaskiya saƙo ne, su buɗe su duba ni ina kallon rufi. Ɗanɗanawa kam, ko za a fasa tafiyar, na tuba.