Wa Zai Shiga Ramin Zarto

"...ina gajiya? Au, ashe kana nan! Na ɗauka gara ta haɗa ka da gungumen ta cinye."

Tela ne ya faɗo rumfar Kafinta. Taubasai ne, uwar Tela ƙanwar uban Kafinta ce, kuma tun suna yara ba su iya gaisuwa ba sai da tsiya.

"Gara ba ta cin ƙarfe," in ji Kafinta. "Me ya kawo bawana da sassafe? Allurarka ta ɓata?"

Gungumen maɗaci na nan a kan ramin zarto, an tsaga shi zuwa rabi, dogon zarton mai mariƙi biyu yana maƙale a tsagar. Haka ɗan Kafinta ya bar shi ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, bai kuma tashi ba. Kullum shi ke hawa sama yana bin layin gawayi, uban yana cikin rami yana ja. Katakon na rufin ɗakin matar marigayin da 'ya'yansa ne. Ga hadari ya fara haɗuwa kullum da yamma, Kafinta kuwa ya kasa ko kallon saman gungumen.

"Aiki na zo koya maka," in ji Tela yana naɗe hannun riga. "Ni zan hau sama. Duk garin nan ba mai yanka a miƙe kamata."

"Kai? Wandon da ka ɗinka min, ƙafa ɗaya tana sharar ƙasa, ɗaya tana gaida gwiwa."

"Ƙafafunka ne ba su daidaita ba. Gado ne daga wajen babanka."

"Yayan uwarka ke nan, mara kunya."

"To ai shi ya sa na sani!"

Kafinta ya ɗaga kai, ya sauke. A sama akwai gurbi inda diddigen yaron ya goge ɓawon ya yi santsi.

"Fito, rami nawa ne," ya ce a hankali, don Tela ya riga ya zura ƙafa a ramin.

"A'a, na fasa hawa. Tumbina ba zai yarda ba." Ya dira ciki tim, ya kama mariƙin ƙasa. "Ko ka hau, ko in ja ni kaɗai in fitar maka da katako mai kama da wutsiyar kare."

Kafinta ya san zai aikata. Ya tuɓe takalmi ya hau, ya sa ƙafa a gurbin. Ya ɗiga mai a haƙoran zarton, ya buga ɗan itace a tsagar don ta buɗe.

"In na ɗaga ka saki, in na sako ka ja. Kada ka ɗaga kai."

Tela ya ɗaga kai. Garin katako ya cika masa baki da gemu.

"Tir! Da gangan ka yi!"

"Ja, bawa! Yau ka ci abincin maza."

Zarton ya yi ta gurnani, ya karkace, Kafinta ya dawo da shi kan layi. Can sai ya kama sauti ɗaya, shuu, shuu, har surukar Kafinta ta leƙo da goyo ta tsaya. Kafin la'asar katako ya rabu, ya faɗi gefe, a miƙe sumul.

"Ka ga aikina!" Tela ya fito jajawur kamar an tono shi. "Ku shaida, ni na yanka, wannan tsohon rawa kawai ya yi a sama."

Kafinta ya yi dariya har ya dafa gwiwa, surukar ta rangaɗa guɗa.

"Na yarda, kai ka yanka. Gobe ma kai za ka yanka, sai rufi ya cika."

Ya shiga ɗaki ya fito da ƙullin rigunan ɗansa, ya ɗora wa Tela a hannu.

"Ka rage wa yaran. In hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, a ramin nan za ka kwana."

Tela ya karkaɗe tafukansa sosai, sannan ya rungume ƙullin.