Gidan da Riga-Malam Ya Zana wa Gwaggo

"Ni fa ba koyo na zo yi ba. Takardar shaida kawai na zo karɓa, tunda mutane ba sa ganin girman gwani sai ya nuna takarda."

Da wannan maganar gogan naka ya buɗe baki ranar da 'yan shekarar farko suka fara shiga situdiyo, wato babban ɗakin zane na sashen tsara gine-gine a jami'a. Ko kujera bai gama ja ba. Kafin a tashi daga aji an raɗa masa suna Riga-Malam, kuma sunan ya zauna masa daram kamar don shi aka ɗinka.

Kada ka ɗauka wani gini ya taɓa yi. Iyakar abin da ya haɗa shi da sana'ar shi ne wani hutu da kawunsa ɗan kwangila ya ba shi bakin tef ya riƙe ana awon fili. Ko a nan ma sakin tef ɗin ya yi, tef ɗin ya dawo ya zabga wa kawun a yatsa. Amma tun daga ranar, in ana hirar gini, sai ka ji ya ce, "Mu da muka daɗe a fili."

Hular kwano yake sawa ya zo aji, a ɗakin da babu abin da zai faɗo wa mutum a ka sai yanar gizo. Ga wani dogon bututun ajiye zane rataye a baya kamar bindiga, ciki kuwa babu komai sai iska. Fensir a kunnen dama, fensir a kunnen hagu, in ka ce ya ara maka ɗaya sai ya ce ba na yara ba ne.

Malamar situdiyon wata 'yar ƙaramar mace ce mai gilashi, ba ta ɗaga murya, amma in ta tsaya a kan zanenka ta yi shiru sai ka ji gumi na bin bayanka. Makon farko cewa ta yi kowa ya cika takarda da layi: mai kauri, matsakaici, siriri.

Riga-Malam ya ɗaga hannu. "Malama, layi kuma? Na ɗauka gidan sama za a fara."

"Gidan saman da me ake zana shi?"

"Da basira."

"To basirar ta ja mini layi ɗari kafin Alhamis."

Ranar Alhamis ya kawo nasa. Layukan sun yi ta karkacewa kamar sawun maciji a yashi, rabin fensirin kuma ya koma hannun farar rigarsa saboda kwanciyar da ya yi a kan takardar. Malama ta ɗaga takardar ta duba, ta dubi hannun rigar, ta ce na rigar ya fi kyau.

Mako na biyu aka ba kowa tef. Aka ce a je a auna ƙofa, da matakalar bene, da tsayin kujera, da faɗin da mutum yake buƙata ya juya a banɗaki. 'Yan aji suka bazu, wannan a durƙushe, wancan a kan benci. Shi kuwa ya harɗe ƙafa a kan tebur.

A teburin da ke kusa da nasa akwai wata ɗaliba da ake kira Kurum saboda rashin maganarta. Ta miƙo masa tef.

"Riƙe abinki," in ji shi. "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ni in na kalli ƙofa sau ɗaya, ita da kanta take gaya mini tsayinta."

"To me wannan ta gaya maka?"

Ya ƙanƙance ido ɗaya. "Mita uku da ɗan wani abu."

Kurum ta auna, mita biyu ce da ɗan taƙi. Ya ce ai kafinta ne ya yi kuskure.

Ana haka sai babban aikin zangon ya zo. Malama ta ce kowa ya nemi mutum na gaske a danginsa, ya zauna ya ji buƙatarsa, ya tsara masa ɗan ƙaramin gida. Mako shida aka bayar. Ranar ƙarshe za a liƙa zane a bango, a ajiye samfurin gidan na kwali, kuma mai gidan da kansa zai zo ya gani. Wanda ya faɗi wannan aikin sai ya maimaita shekara.

Riga-Malam ya zaɓi Gwaggo, yayar mahaifinsa. Ma'aikaciyar jinya ce da ta yi shekara talatin da biyar tana sintiri tsakanin gadajen marasa lafiya har gwiwoyinta suka gaji, ta yi ritaya. Tana da ɗan fili da ta daɗe tana tattali, tana kuma zaune a gidan haya. Ita da gaske take son ginin, har ta ce in zanen ya yi kyau da shi za a yi aiki.

Ya same ta a falo tana shafa magani a gwiwa.

"Ɗan nan, ni abu kaɗan nake so," in ji ta. "Ɗaki mai iska, da kicin kusa, da banɗakin da ba sai na yi tafiya ba. Kuma ka ga ƙafar nan, ba na son hawa sama."

"Gwaggo, ke dai ki bar wa masana."

"Ba ka rubuta ba."

Ya nuna hular kwanonsa da yatsa. "Duk yana nan ciki."

Daga nan ya bi dangi gida gida yana shelar cewa zai gina wa Gwaggo gidan da masu mota za su riƙa rage gudu don kallo. Har ƙanwar babarsa ya yi wa alkawarin nata in ya samu sarari.

Mako biyar cur Riga-Malam bai ja layi ɗaya ba. Aikinsa zagaya teburan mutane, hannu a baya, yana girgiza kai. "Wannan ai shago ne." "Kai kuma tagar nan ta yi ƙauyanci." Da ya zo kan na Kurum, wadda ta tsara wa kakanta ɗaki biyu da baranda, sai ya yi tsaki ya ce tausayinta yake ji. Malama ta nemi ganin nasa sau uku, sau uku yana cewa ba a buɗe tukunya tana kan dahuwa.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma gogan saura kwana biyu ya shimfiɗa takarda. Ya ɗauko rular sikeli, mai fuska uku ɗin nan da kowane gefe da nasa lissafin, ya jujjuya ta kamar mai zaɓen rake, ya kama gefen da ya ga gidan zai fi shiga takarda. Ya zuba ginshiƙai takwas a gaba. Ya ɗora hawa uku. Ya murɗa wata matakala a tsakiya, ya buɗe falon da za a iya buga ƙwallo a ciki, ya kafa maɓuɓɓugar ruwa a bakin ƙofa. Sai da ya gama ya ja baya yana yaba kansa, sannan ya tuna ashe gidan da mai shi. Ya duba sama ya duba ƙasa, babu inda zai sa ta. Can dabara ta faɗo masa, ya ƙara wata 'yar takarda, ya ja wani siririn akwati, ya rubuta a ciki da manyan baƙaƙe: ƊAKIN GWAGGO.

Saura bayanan da ake rubutawa a gindin takarda. Bai san me ake sawa ba, kuma girman kai ya hana shi tambaya. Sai ya miƙa wuya ya kwafe na Kurum kaf, har da inda ta rubuta sikeli ɗaya bisa hamsin, wato kowane santimita a takarda hamsin ne a fili.

Kurum ta gan shi. "Da wane gefen rula ka auna naka?"

"Rula ai rula ce."

"Naka kamar ɗaya bisa ɗari ne. In ka rubuta hamsin, komai zai koma rabi."

"Yarinya, ina riƙe da tef kina wasan 'yar tsana."

Ta koma kan zanenta.

Ranar nuni situdiyo ya cika. An jera benci, iyaye da kakanni sun zauna. Gwaggo ta zo da sandarta, ta ci ado, ta samu wuri a gaba. Samfurin Riga-Malam kuwa da safen nan ya haɗa shi, gam bai ko bushe ba, ginshiƙan da bututun shan lemo ya yi su.

Da aka kira shi ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, abin da za ku gani yau ba a koyar da shi. Haihuwar mutum ake yi da shi."

Yana rufe baki wani ya kunna fanka. Ginshiƙi na farko ya karkata ya jingina da na biyu, na biyu ya gaya wa na uku, kafin ka ce kwabo duk takwas ɗin sun kwanta, rufin ya zauna a kansu.

"Da gangan ne," in ji shi da sauri. "Don a ga ciki."

"To bari mu ga cikin," in ji Malama. Ta matsa ga zanen, ta ɗora fensir a gindin matakala ta bi ta a hankali. "Na hau, na hau, na zo nan. Ina zan fita?"

"Hawa na biyu."

"Ba ka bar rami a dakalin sama ba. Kaina ya bugi siminti."

"Sai a ɗan sunkuya."

Dariya ta fara tashi daga baya. Malama ba ta ko murmusa ba. Ta tambayi kicin, ya nuna hawa na uku, wai don hayaƙi ya yi kusa da sama. Ta tambayi banɗaki, ya laluba takarda ta farko, ya laluba ta biyu, ya ce yana cikin kashi na biyu na aikin.

Gwaggo ta ɗaga sanda. "Malama, a yi mini afuwa. Ni ina ɗakina?"

Nan fuskar Riga-Malam ta washe, don yana ganin a nan zai fanshe. Ya zaro 'yar takardar nan ya liƙa.

"Gwaggo, kin ce ba kya son hawa sama. To na ji. Ƙarƙashin ƙasa na kai ki. Ga sanyi, ga shiru, babu mai damun ki."

"Taga fa?"

"A cikin ƙasa me za ki kalla?"

"Ƙofa fa?" in ji Malama.

Ya dubi akwatin. Layi huɗu ne a rufe ruf, ko ɓera ba shi da hanya. Ya ce ƙofa ƙaramin abu ce, magina sukan fasa daga baya.

Malama ta karanta gindin takardar. Duk tsananinta, sai ta buɗe masa hanyar tsira.

"Ka rubuta ɗaya bisa hamsin. Ko dai hannunka ne ya zame, ɗari kake nufi?"

Da ya ce e, da an ɗan rufa asiri. Amma ga Kurum a zaune, ga dangin mutane, ga Gwaggo. Ya turo ƙirji.

"Malama, ni hannuna ba ya zamewa. Abin da na rubuta shi nake nufi."

"Madalla."

Ta ɗora rular sikeli a kan akwatin ta karanta: tsawo mita biyu, faɗi santimita saba'in. Gwaggo ta ce ita ba ta jin yaren mita, a nuna mata da ido. Malama ta sa aka janye tebur biyu. Ta ja tef a ƙasa, ta ɗauki alli ta zana ɗakin a daɓen situdiyo, daidai girman da magini zai fitar in ya bi takardar.

"Shiga ka nuna wa Gwaggo inda gado zai zauna."

Ya tsallaka layin alli ya tsaya a ciki. Ya juya dama, takalminsa ya taka bango. Ya juya hagu, haka.

"Ai ɗakin kwana ne," in ji shi, murya ta fara sirancewa. "Kwanciya ake yi."

"To kwanta," in ji Malama.

Gogan naka ya cire hular kwano, ya miƙe a ƙasa. Kai ya taɓa layin sama, ƙafa ta kusa na ƙasa, kafaɗu suka cika faɗin. Don kada hannuwa su fita waje sai ya manne su a jiki, ya miƙe sambal yana kallon silin.

Gwaggo ta dogara sanda ta taso. Ta zagaya shi sau ɗaya a hankali, ta tsaya a wajen kansa, ta leƙo fuskarsa.

"A cikin ƙasa," in ji ta. "Babu taga, babu ƙofa, daidai tsawon mutum, kuma babu mai damu na."

"Gwaggo, in aka yi fenti..."

"Tashi, ɗan nan, na gode. Irin wannan ɗakin kowa yana da nasa yana jiran sa. Kuma masu haƙa shi ba su je jami'a ba."