Nomau da Na'urar Yaya Jibo

A Tungar Giginya akwai gidan mutum uku da sa ɗaya. Akwai Jibo mai gyaran rediyo, da ƙanensa Nomau, wanda abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Sai uwarsu Inna Dije. Tsufa ya taɓa mata tunani, da an yi sakaci sai ta fice neman mijinta da ya daɗe da rasuwa. Kullum fargabar gidan ke nan.

Garin ba sabis ɗin waya. Jibo kuwa yana cikin masu sha'awar rediyon oba-oba, suna hira da abokansa na nesa. Ya haɗa wata na'ura kamar gwangwanin kifi, da 'yar eriya. Duk inda take sai ta aiko da wurin ta rediyo, ɗigo ya fito a taswirar da ke tsohuwar kwamfutarsa.

Wata rana ya miƙa wa Nomau don gwaji. "Riƙe. Ita za ta gaya mini inda kake."

Nomau ya jujjuya ta, bai ga ido ba. Ya ce a ransa, makauniya ce, sai an taimaka mata. Ya kama hanya yana kara bakinsa. "Muna gindin tsamiya. Yanzu mun zo wajen mai ƙosai. Wannan kar ki faɗa."

Jibo ya ce, "Kai, ba ta bukatar bakinka. Tauraron ɗan'adam take tambaya. Ka dai bar ta ta ga sama."

Wata rana, damina ta kankama, Jibo ya fito ya ga rabin jinkar ɗakin Nomau a ƙasa. Ya leƙa. Ga na'ura a kan gado an yi mata matashi, ga Nomau jiƙe sharkaf yana kallon gajimare.

"Me ke nan?"

"Yaya, ka ce ta ga sama. Ni ma ina so in ga mai ba ta amsar. Har yanzu bai leƙo ba."

Wata rana aka aiki Nomau kasuwa da na'urar. Jibo ya ce, "In ka yi nisa ka nemi wuri mai tsawo, saƙo ya fi isowa." Tun hantsi ɗigo ya tsaya cak, har la'asar. Jibo ya hau keke ya bi sawu. Ya iske Nomau a ƙololuwar kuka, hannu a miƙe.

"Ya iso, Yaya?"

"Sauko, ɗan nema!"

"Ai ba ka faɗi yadda ake saukowa ba."

Sai da aka aro tsani.

Wata rana aka ji ana satar shanu a maƙwabta. Jibo ya gaji da gwaji, ya miƙa wa Nomau na'urar. Ya nuna bayan gida da haɓa, inda san yake ɗaure, ya ce, "Je ka ɗaura ta a jikin abin da in ya ɓata mun shiga uku." Nomau bai kula da haɓa ba, magana ya ji. Ya yi tunani mai tsawo, ya tafi.

Da azahar aka nemi Inna aka rasa. Aka duba rijiya, aka duba gonaki. Ga kogi ya kawo. Jibo ya shiga shago ɗaukar oba-oba don ya nemi taimako, sai ya ga ɗigo na tafiya a hankali wajen kufan tsohon gari, dab da ruwa.

"Har da san ma! Yau mun ga ta kanmu."

Nomau ya ce, "Sa na nan yana cin dusa. Inna ce."

Suka ruga. Suka same ta tana taka gaɓa, ruwa na lasar ƙafarta, na'urar a ƙulle a bakin zanenta.

Ta ce, "Babanku nake jira. Ya yi daɗewa."

Jibo ya goya ta. Ya kai ta gida. Can ya sa sabon batir, ya mayar da ƙullin da hannunsa, ya ƙara tamkewa.

Nomau ya tsaya yana duban jinkar ɗakin Inna.

"Yaya, in cire?"